Karayar Cinya Ga Mai Kwatangwalon Ƙarfe

A cikin shekarar 1962 ne wani likitan Ingila, John Charnley, ya daidaita dabarar canja wa mutum kwatangwalo a asibitin Wrightington. Akan yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a kafa turken ƙarfe cikin ramin ɓargo, sau da yawa a riƙe shi da wani irin siminti, kamar yadda maƙeri ke kafa ruwan fartanya cikin ƙota. Yanzu ana yin wannan aiki har a ƙasarmu, ga tsofaffi, da kuma samari masu amosanin jini waɗanda kan ƙashinsu ya mutu.

To, ƙota takan tsage. Mai turke ya zame a makewayi, ko ya faɗo daga kan babur, sai ƙashin ya karye daura da ƙarfen. Wannan karaya dabam take da wadda muka saba gani, domin kafin a yi maganar ɗori sai an san abu guda tukuna, watau ko turken yana nan daram, ko kuwa ya girgiɗe.

A 1995 waɗansu likitoci biyu na birnin Bankuba a Kanada, Duncan da Masri, suka rarraba irin wannan karaya, yawancin likitoci kuma rabonsu suke bi. In ƙashin ya ɓalle can sama ne, wurin da tsoka ke kamawa, ƙaramar ɓallewa takan warke ba tare da wuƙa ba. In can ƙasa ne, nesa da bakin turke, sai a ɗaure da farantin ƙarfe kamar kowace karaya.

Wahalar tana tsakiya, inda ƙashin ya karye kewaye da turken kansa. Idan turke bai motsa ba, likita yakan shimfiɗa dogon faranti a gefen ƙashin, ya ɗaure sama da waya, tun da ƙarfen da ke ciki ya tare wa kusoshi hanya, sa'an nan ya ɗaure ƙasa da kusoshi. Idan kuwa ya girgiɗe, faranti aikin banza ne. Lalle a cire tsohon turke, a sa wani dogo wanda zai wuce karayar ya kama lafiyayyen ƙashi. Wani lokaci ƙashin ya riga ya zaizaye ƙwarai, sai a yi masa ciko da wani ƙashi, ko a musanya saman cinyar duka da ƙarfe. Abin lura, hoton ƙashi yakan yi ruɗi, turke ya fito kamar a kafe alhali ya saki. Shi ya sa likita mai hattara yakan jijjiga shi da hannu yayin aikin kafin ya yanke shawara.

Ba mu raina maɗoran gargajiya ba, amma hannu da karare ba su iya gane turken da ya girgiɗe. Tsoho kuwa in ya daɗe kwance, gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya sun fi karayar haɗari, don haka likitoci ke son yin aikin da wuri, a tashe shi ya fara takawa. Masu karatu, wanda ɗan'uwansa mai turke ya faɗi ya kāsa tashi, a ɗauke shi a kwance zuwa asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, a tafi da takardun aikinsa na farko, domin su za su nuna wa likita irin turken da ke ciki.