Rumbun da Ya Karkata: Yadda Ake Auna Ƙarfin Ƙasa

 Yau a filinmu na kimiyya za mu yi magana a kan ƙasar da ke ɗauke da gini, da yadda masana ke auna ƙarfinta tun ba a aza harsashi ba.

Cikin shekarar 1913 aka gama gina wani makeken rumbun siminti a Transcona, kusa da birnin Winnipeg a Kanada, aka shiga zuba masa hatsi. Ran 18 ga Oktoba, ya kusa cika ke nan, sai aka ga yana nitsewa. Kafin kwana guda ya karkata wajen digiri 27, amma bangonsa bai rushe ba. Ashe yumɓun da ke ƙarƙashinsa ne ya zame, ya kumburo ta ɗaya gefen.

To, me ke hana ƙasa zamewa? Tun 1773 wani Bafaranshe mai suna Coulomb ya ce abu biyu ne. Na farko danƙo, irin na yumɓu. Na biyu gogayya tsakanin ƙwayoyin ƙasa, irin ta yashi, wadda ke ƙaruwa gwargwadon nauyin da aka ɗora. Daga baya Karl Terzaghi ya bayyana cewa ruwan da ke cikin ƙasa, in an matse shi, yakan rage gogayyar nan.

Ga yadda ake awon a ɗakin gwaji. Akan haƙa rami da na'ura, a zaro ƙasa cikin bututun ƙarfe ba tare da an dagula ta ba. Sai a sa ta cikin ɗan akwati mai hawa biyu, a ɗora nauyi bisa, a riƙa tura hawa ɗaya sannu a hankali har ƙasar ta tsage, a rubuta ƙarfin da ya tsaga ta. Wata hanya kuma, a yanko curi mai siffar ganga, faɗinsa inci ɗaya da rabi, tsawonsa inci uku, a sa masa rigar roba, a kewaye shi da ruwa mai matsi, kana a danne shi daga sama har ya bare. Matsin ruwan nan shi ke kwaikwayon ƙasar da ke kewaye da curin can cikin rami.

A 1951 aka koma Transcona aka ɗebo yumɓun, wani masani mai suna Ralph Peck da abokin aikinsa suka gwada shi. Suka tarar yumɓun sama yana da ƙarfi, amma na can ƙasa bai wuce rabinsa da yawa ba. Magina na farko kuwa na saman kaɗai suka gwada. Da aka yi lissafi, sai nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka ya zo kusan daidai da wanda ya kayar da rumbun.

Saboda haka a yau, kafin a gina gada ko madatsar ruwa, sai an ɗebo ƙasa daga zurfi dabam-dabam an gwada kowace. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.