Kula da gashi kafin a koma wajen mai kitso

A Ƙofar Guga, kamar sauran unguwannin Katsina, mace kan yi mako 2 zuwa 4 da kitso ɗaya. Lafiyar gashin a wannan tsakanin tana hannunta.

Babbar matsalar ita ce bushewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan tsotse danshin gashi har ya riƙa karyewa. Man kaɗe ko man kwakwa ba ya ƙara danshi, wanda ya tarar yake riƙewa. Don haka a fara yayyafa ruwa kaɗan, sannan a murza man a tafin hannu ya narke, a bi layin kitson da ɗan yatsa. Idan an laɓta shi da yawa, ƙura ce za ta manne.

Bayan wanka a bar kai ya bushe sarai kafin a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi, domin jiƙaƙƙen kitso a rufe kan kawo wari da ƙaiƙayi.

Ranar tsifa, a jiƙa karkashi a ruwan ɗumi. Yauƙinsa na warware gashi, sai a taje daga ƙarshe zuwa tushe.

Gaban goshi ya fi ban tausayi. Gashi kan tsiro kusan santimita 1 ne kacal a wata, kuma wurin da jan kitso ya daɗe yana cinyewa, gashinsa na iya ƙin sake fitowa. In kitson shuku ya hana barci ko ƙuraje suka feso a goshi, a tsefe shi a ranar.