Tantabara: Faifan Tsofaffin Hannu Daga Yamai

A Kantin Kwari waƙa tana shigowa ne ta hanyar da kuɗi ke shigowa. 'Yan sari daga Maraɗi da Damagaram da Agadas da Yamai sukan fara biyawa ta Wapa su canza sefa, sannan su gangaro cikin kasuwa su zaɓi atamfa da shadda da leshi. Kafin 'yan dako su gama ɗaure dila sai mutum ya zauna a benci ya kunna wayarsa. Ni da nake zaune a shago tun safe har la'asar, ta wannan hanya na san Sa'adu Bori tun zamanin kaset, ta ita kuma na fara jin wata ƙungiyar makaɗa ta Yamai mai suna Tal National. Wani mutumin Dosso ne ya tura mini faifansu na 2018, Tantabara, kuma tun daga lokacin ban cire shi daga wayata ba.

Ƙungiyar ba ta yara ba ce. A shekarar 2000 aka kafa ta, kuma wanda ya kafa ta, Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, makaɗin jita ne da ya taɓa buga ƙwallon ƙafa, ya yi aikin alƙali a kotu, ya kuma yi hidima a gidan marayu na SOS. Ya tara Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye a ƙungiya ɗaya, kowa ya zo da harshensa da kiɗan garinsu. Sun fi mutum goma, amma kamar shida ne ke hawa dandali a lokaci guda, idan wani ya gaji wani ya karɓe shi. Faifansu na farko, Apokte, ya fito a 2006, A-Na Waya ya biyo baya a 2008. A lokacin da kansu suke tsayawa a shataletalen Yamai suna sayar wa masu wucewa, don babu kamfanin da zai rarraba musu. Sai a 2013 kamfanin FatCat na garin Brighton a Ingila ya fitar da Kaani, duniya ta ji su. Zoy Zoy ya zo a 2015, Tantabara kuma a watan Fabrairun 2018, suna da shekara 18 da kafuwa.

Masu rubutu a kan kiɗa a Turai da Amurka suna sa su a layin makaɗan rock, don haka ya kamata a faɗi abin da ake nufi da shi. Kiɗa ne da aka gina a kan jitar lantarki, da jitar bas mai kaurin murya, da jerin ganguna da mutum ɗaya ke kaɗawa da hannu da ƙafa. Wajen ƙarshen shekarun 1960 wasu matasa a Ingila suka riƙa murɗa na'urar ƙara sauti har ta wuce ƙarfinta, muryar jita ta dushe ta koma gurnani, mai ganga ya ƙara nauyin hannu. Wannan shi ne rock mai nauyi. Led Zeppelin da Deep Purple da Black Sabbath duk a 1968 suka haɗu. AC/DC ta biyo su daga Sidni ta Ostareliya a 1973. Waɗansunsu har yau ba su ajiye jita ba: AC/DC ta fitar da Power Up a 2020 ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Ingila, Deep Purple kuma ta saki sabon faifai a 2024, da dattawa 'yan sama da shekara 70 a cikinta. Jama'a suna saye, ba don ba su san abin da za su ji ba. Sun san hannun, hannun suke biya.

Tal National ba kwafin waɗancan ba ce. Jitarsu ta fi tsini da zaƙi, ba ta cika gurnani ba. Inda suka haɗu shi ne ƙarfi da sauri, da kuma cewa duk abin da kunne ya ji yatsun mutum ne suka fitar da shi. Rayuwar giya da shashanci da ake jingina wa makaɗan rock na Turai ba ita ta dame ni ba, ba kuma ita nake tallatawa ba. Sana'ar nake kallo.

Waƙa takwas ce a faifan. Abin da zai fara kama mai saurare shi ne ba sa jira. Babu doguwar shimfiɗa, babu lallashi, ana kunnawa an riga an yi nisa. Jita biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ɗaya tana riƙe da ɗan gajeren zagaye tana maimaita shi ba ta saki, ɗayar tana ratsawa ta ƙofofin da ta farko ta bari, ta hau sama da gudu, ta dawo ta sauka daidai inda ake jiranta. Idan ka bi ɗaya da kunne sai ka ji kamar za ta ɓace, ba ta kuwa ɓacewa. Mai ganguna yana raba kowane taku gida uku, shi ya sa ƙafarka za ta riƙa bin lissafi ɗaya kafaɗarka na bin wani, kuma dukansu daidai ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka kiɗan 'yan dambe yake, haka na 'yan tauri, haka na manoma a gayya. A tsakiyar duk wannan lantarki kuma ga kalangu. Ba ado aka sa shi ba. Yana magana, yana tsokanar jita, jita na ba shi amsa, wani lokaci shi ke ja gaba sauran su bi. Duk Bahaushen da ya taɓa tsayawa a bayan makaɗa ranar ɗaurin aure zai gane wannan zance ko da bai ji Zabarmanci ko Buzanci ba.

Sai tsayawar. A nan na fi sanin cewa da tsofaffin hannu nake tare. Ana cikin gudu sai duka su ɗauke wuta lokaci ɗaya, numfashi guda, su dawo da wani salo dabam ba tare da kowa ya yi tuntuɓe ba. Mutum shida ba sa yin haka don an rubuta musu a takarda. Sai sun daɗe tare har kowa ya san abin da ɗagin kafaɗar ɗan'uwansa ke nufi. An san Tal National a Yamai da kiɗan awa biyar a dare, dare biyar a mako, ban da bukukuwan aure da suna da rana. Wanda ya yi shekara goma sha wani abu yana haka, ya ga lokacin da mata suka tashi rawa da lokacin da suka koma kujera, ya san wace juyawa ce ke sa a yi liƙi. Duk wannan ilimi yana cikin faifan, ko da ba a jin muryar ɗan kallo ko ɗaya.

Mu a Kwari da yatsa muke sanin kaya. Saƙin hannu idan ka shafa za ka ji inda zare ya ɗan yi kauri, inda masaƙi ya ƙara matsawa, kuma wannan rashin daidaiton shi ke sa shi tsada a kan yadin da inji ya buga dubu iri ɗaya. Haka nake jin Tantabara. Gudun kiɗan yana ɗan ƙaruwa idan abin ya yi daɗi, muryar mawaƙi tana ɗan karcewa idan ya kai ƙarshen numfashi, kuma ba a goge ko ɗaya ba.

Rashin gogewar nan da gangan ne, kuma a nan darajar aikin sutudiyo take. Wasa a gaban jama'a yana wucewa da darensa, lasifika na ƙara, janareto na ruri, rabin abin da aka kaɗa bai kai kunne ba. A sutudiyo ake ba kowane kayan kiɗa makirufonsa, a ji bas a ƙasa, a ji kalangu a gefe, a zaɓi waƙoƙin da za su zauna a jera su yadda ɗaya za ta miƙa wa ɗaya. Haɗarin kuwa shi ne a tsabtace kiɗa har ransa ya fita. Mai ɗaukar sautinsu, Jamie Carter, mutumin Chicago ne da ya riƙa ɗauko kayan aikinsa yana zuwa Yamai tun faifan 2008. Ba su aka kwasa aka kai wani ƙasaitaccen ɗaki a Turai ba, shi ya zo ya same su a gida. Kaani a cikin kamar mako biyu aka ɗauke shi a 2011, suna yi da rana suna tafiya wasa da dare. Zuwa Tantabara ya riga ya san su, ya bar sautin da ƙurarsa da zafinsa. Sun kuma buɗe ƙofa ga baƙi: Zara Moussa, ɗaya daga matan da suka fara waƙar rap a Nijar, ta sa murya, Yonatan Gat, makaɗin jita mazaunin New York, ya sa hannu.

Ba kowa ke sonsa ba. Maƙwabcina a layi, dattijo mai sayar da shadda, ya taɓa leƙowa ya ce, "Alhaji, don Allah rage mana wannan hayaniya, ko kalma ɗaya ban tsinta ba." Na rage, don yana da gaskiyarsa. Kunnenmu ya saba da waƙar da magana ce sarauniya, kiɗa kuma bara. Muna sauraren Shata ne don mu ji me zai faɗa. Amma ko Shatan, cire kalangan da suka yi shekaru suna bayansa ka ga ko waƙar za ta tsaya da ƙafarta. Kuma muna da namu masu sa kayan kiɗa su yi kuka da kansu. Wanda ya ji kukumar Hassan Wayam ko ta Ahmadu Doka ko Garba Supa ya san akwai inda mawaƙi ke yin shiru, tsirkiya ta karɓi zancen, wurin ya ruɗe. Abin da jita ke yi a faifan nan ke nan, an dai ƙara mata wuta.

Wanda yake son gurnanin sosai, irin wanda ke girgiza ƙirji, sai ya nemi Mdou Moctar, Buzun da ke kaɗa jita da hagu, musamman Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024. Abin da ya kamata mu sani game da shi: faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu ya bazu a Sahara. Wato ta ƙofarmu ya bi ya fita duniya. Ya ɗauki abin da ya samu a wurinmu, daga baya ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu, yau yana cika dandali a Amurka.

Wannan shi ke ci mini rai idan na dubi Kano. Tun ƙarshen shekarun 1990, da fiyano ya mamaye sutudiyoyinmu, mutum ɗaya ne ke zama gaban na'ura ya fitar da ganga da sarewa da goge duka da yatsa goma. An yi waƙoƙi masu daɗi ta haka, ina da su a waya, kuma hanyar ta ba dubban matasa abinci. Amma ta sa mun daina tara mutane su koyi kiɗa tare. A wajen biki yanzu mawaƙi yakan zo da waƙarsa a filashi, DJ ya kunna, shi kuma ya riƙe makirufo yana bin bakinsa. Arewa ta taɓa yin ƙungiya irin ta Bala Miller a Kaduna, da jita da ƙaho da waƙar Hausa. Yau idan kana neman matashin da ya iya jitar bas ko jerin ganguna a garin nan, Sabon Gari za ka tsallaka, inda shagunan kayan kiɗa suke, inda majami'u ke horar da yara duk mako. Tsakanin Kwari da can tafiyar ƙafa ce. A Fagge da cikin gari kuma akwai 'ya'yan gidan makaɗa da suka gaji kalangu da kotso, da yawansu sun ajiye sun kama tuƙin Adaidaita Sahu saboda ba a kiransu. Almeida bai yi wani abin al'ajabi ba illa haɗa irin waɗannan biyun a ɗaki ɗaya, ya sama musu wurin da za su kaɗa kullum a biya su.

Kuɗin yin haka akwai shi, ta hannunmu yake wucewa. Ina ganin abin da gida ɗaya ke kashewa a anko kaɗai, turmi hamsin, turmi ɗari, ban da leshin uwar amarya da shaddar abokan ango. Ribar tana shiga aljihuna, ba na ƙi. Amma kuɗin turmi goma daga ciki zai iya sallamar makaɗa shida su kaɗa da hannunsu tun daga kamu har ranar kai amarya. Idan gidaje ashirin a Fagge suka yi haka a shekara, ƙungiya ɗaya ta samu abin da za ta zauna a kai, ba sai kowa ya watse neman na cefane ba. Ni dai na riga na gaya wa uwargida, ranar da za mu aurar da 'yar autarmu, a rage anko a kira masu kalangu, a nemo mai jita daga Sabon Gari, a ba su wata guda su yi atisaye tare kafin ranar.