Ɗaurewar Tsokar Doki: Jan Hankali Ga Masu Dawakai

Muna jan hankalin hakimai, dagatai da sauran masu kiwon dawakai a ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan game da ciwon ɗaurewar tsoka, wanda kan kama doki ana cikin sukuwa, musamman lokacin Hawan Sallah da Hawan Daushe a Zariya.

Yawanci ciwon yana faruwa ne idan doki ya yi kwanaki a ɗaure a barga ba kilisa, ana cika shi da dawa, gero ko masara, sannan rana ɗaya a ɗaura masa sirdi a sa shi gudu mai tsanani. A Ingila ana kiransa ciwon safiyar Litinin, domin a da dawakan jan kaya kan huta ranar Lahadi suna cin hatsi, washegari su kamu. Zafin rana da ƙishirwa suna ƙara tsananta shi, domin doki na iya zubar da gumin da ya kai lita 10 a cikin sa'a ɗaya.

Alamominsa su ne: doki ya taƙaita taku ko ya ƙi motsi, kuturi da cinyoyinsa su sandare, ya riƙa gumi da haki. Fitsarinsa kan yi ja ko baƙi, wanda ke nuna tsoka ta lalace, kuma abin da ta saki a cikin jini na iya kashe ƙoda.

Da zarar an ga haka, mahayi ya sauka. Kada a tilasta wa dokin tafiya kamar yadda akan yi wa mai ciwon ciki, domin tafiya tana ƙara yaga tsokar. A cire sirdi, a yi masa inuwa, a ba shi ruwa, a kira likitan dabbobi. Kada a yi masa allurar kashe zafi sai da izinin likita, domin tana cutar da ƙodar dokin da jikinsa ba ruwa. Idan ciwon ya yi tsanani, a nemi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Domin rigakafi, muna ba da shawarar a fara kilisa kullum makonni kafin Sallah, ana ƙarawa sannu a hankali. A rage hatsi ranar hutu, a yawaita harawa da ciyawa, kuma kada a yanke wa doki ruwa da gishiri.