Yanar Ido Ba Ciwon Tsofaffi Kaɗai Ba Ne

Mun saba ɗaukar yanar ido ciwon tsufa ne. Amma a daminar da ta wuce mun ziyarci wani ɗan'uwa magidanci a wani ƙauye na ƙasar Yankwashi, shekarunsa ba su fi 32 ba. Cikin wata shida ya kasa karanta littafin waƙoƙi a sujada, gonarsa ta gero kuwa ciyawa ta cinye ta. Ya ce mana duniya ta zame masa kamar hazon hunturu. Waɗansu suka ce sammu ne, waɗansu kuma suka ce alhaki ne. Muka tuna musu da Yohanna sura 9, inda Ubangijinmu ya ƙi ɗora makanta a kan zunubin mutum ko na iyayensa.

Mece ce yana? A cikin ido akwai wani abu garau kamar gilashi, wanda haske ke bi ta cikinsa. In ya dushe ya yi fari, ita ce yana. Ba wata fata ba ce da ta rufe ido daga waje, shi ya sa tozali ko ruwan ganye ba su wanke ta.

Likitoci sun san abubuwan da ke gaggauta ta ga matasa. Na farko ciwon sukari, wanda mutum kan daɗe da shi bai sani ba. Na biyu magunguna irin su dexamethasone da prednisolone, in an daɗe ana amfani da su: ƙwayoyin da waɗansu ke sha don su yi ƙiba, da maganin ɗigawa da ake saya a kemis lokacin afolo ba da izinin likita ba. Na uku rauni, kamar sukar ƙaya ko karan dawa lokacin girbi, ko bugun sanda. Akwai kuma kumburin cikin ido, da gado, da shan taba. Ɗan'uwan namu, da aka auna jininsa, sukari aka samu.

Magani ɗaya ne, wato aiki a asibiti. Ana kashe zafin idon, a cire abin da ya dushe, a sa na roba a madadinsa. Wani likita a Ingila, Harold Ridley, shi ya fara sa irin wannan a 1949. Yawanci aikin ba ya wuce rabin awa.

Muna jan kunne game da masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce ke jawo kashi 43 cikin 100 na makanta ga masu shekara 40 zuwa sama. Ya kuma nuna cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 ta hannun irin waɗannan mutane suka bi, mafi yawansu kuwa ganinsu bai gyaru ba. Araha ba ta ado.

Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda mishan na SIM suka kafa a 1943, ba shi da nisa da mu ta hanyar Kazaure. Akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mai ciwon sukari sai an daidaita sukarinsa kafin aiki.

Zumuntar mata da ta matasa suka haɗa wa ɗan'uwanmu kuɗin mota da na aiki. Yau ya koma layin mawaƙa da littafinsa a hannu. Dattawan ikilisiya, in kun ga matashi yana kare ido daga rana, ko ya daina gane mutane daga nesa, kada ku jira. Ku yi masa addu'a, ku kuma raka shi asibiti. Ubangiji shi taimake mu. Amin.