Kwaikwayo ko Ƙirƙira: Abin da Tumfafiyar Kadawa Take Nunawa

Matashin da ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni, har ya ƙudurta shirya wasa irin wanda ake yi a wayar hannu, tambaya ɗaya ce za ta fara tare shi: ya kwaikwayi wasan da ya riga ya karɓu, ko ya ƙirƙiro nasa? Masana ilimin halittu sun daɗe da wannan tambaya, domin ƙwari sun riga ɗan Adam cin karo da ita. Ana iya ganin misalinta a Kadawa, a gefen magudanun da ke kai ruwan madatsar Tiga gonakin Kura da Bunkure.

A irin waɗannan wurare tumfafiya takan fito, a jikin ganyenta kuma wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro, da baƙi da ɗigon fari a bakin fiffike, yake zuba ƙwai. Sunansa na kimiyya Danaus chrysippus. Tsutsarsa tana cin ganyen, ta tara dafin farin ruwan nan na tumfafiya a jikinta, dafin kuma ya zauna har bayan ta yi fiffike. Tsuntsun da ya haɗiye shi yakan sha ɗaci, wani lokaci har da amai, daga nan sai ya riƙa kauce wa wannan launi. To, akwai wani jinsin, Hypolimnas misippus, wanda tsutsarsa ba ta cin tumfafiya, amma macen ta ari kamannin mai dafin, sai gwani ne zai bambanta su. Namijin kuwa baƙi ne mai manyan tabo farare. Henry Walter Bates, wani Bature ɗan Ingila da ya shekara 11 a dajin Amazon, shi ya bayyana wannan dabara a 1862.

Sai dai dabarar tana da sharaɗi. Tana kare mai kwaikwayo ne muddin bai yi yawa ba. In ƙaramin tsuntsu ya kama guda goma, ya tarar takwas suna da daɗi, abin da zai koya shi ne wannan launi abinci ne. Daga nan mai aron kama ya shiga uku, ya kuma jawo wa mai ainihin dafin farmaki.

Haka ta faru a kasuwar wasannin kwamfuta. A Amurka, a 1983, kamfanoni suka cika shaguna da wasanni marasa inganci masu kama da juna, masu saye suka daina yarda, kasuwar ta rushe, har kamfanin Atari ya binne tarin kayansa a wani juji a jihar New Mexico. A Fabrairun 2014 kuma, da Dong Nguyen ɗan ƙasar Biyetnam ya janye wasansa Flappy Bird, sai ɗaruruwan masu kama da shi suka fito cikin 'yan makonni. Kusan dukkansu an manta da su.

Ba kullum ne mai kwaikwayo yake asara ba. A wannan watan ne aka fito da wasan Threes, bayan an shafe wata 14 ana aikinsa. Wata guda bayan haka wani saurayi ɗan Italiya, Gabriele Cirulli, ya shirya 2048 cikin hutun ƙarshen mako, ya bayar kyauta, ya kuma fi na asalin suna nesa ba kusa ba. Amma a lura, ya shigo ne da wuri, tun fili bai cika ba.

Manomin Kadawa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. In wani ya ci ribar tumatir bana, baɗi maƙwabta duk tumatir za su dasa, ya nuna lokaci guda, kwando ya faɗi warwas a kasuwar Kwanar Gafan. Bugu da ƙari, gonaki iri ɗaya shimfiɗa ce ga annoba. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye tumatir a Arewa, har masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta tsaya saboda rashin kaya.

Saboda haka, mai koyo ya kwaikwaya don hannunsa ya faɗa, kamar yadda ɗan koyon ɗinki yake farke riga ya ga yadda aka haɗa ta. Wanda zai kai kasuwa kuwa sai ya zo da abin da babu a can. Irin wannan abu yana nan a ƙofar gida. Candy Crush na 2012, wanda ya bi sawun Bejeweled, an gina shi ne a kan jera abu uku iri ɗaya. Dara ma jera uku ce: gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, duk wanda ya jera uku sai ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. Ta fi waccan bukatar lissafi, domin mutum ne yake tsare maka hanya. Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare tana iya fara aikin da zana gurabun a takarda, ta zauna da tsofaffin gwanaye a Kura ko Bunkure ta rubuta ƙa'idojin yadda suke yin ta, kafin a taɓa kwamfuta.