SHIRWA DA 'YAN TSAKINKI

'Yan'uwana mata, wannan makon zancen kaji za mu yi. Duk wadda ta bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ta ratsa Bodinga da Shagari, ta san da wuya a sami gidan da babu kaza ko zabuwa. Galibi kuwa na mata ne. Da su a ke sayen sabulu da littafin yarinya, da su a ke fita kunyar baƙo. To, ga tambaya: kazarki ta kwanta kwana 21, ta ƙyanƙyashe goma, nawa su ke kai girma? Ke kin san amsa. Kin kuma san wanda ya ɗebi rabonsa daga sama.

Sai ki fara sanin ɓarawonki, domin ba halinsu ɗaya ba. Shirwa ita ce mai wutsiya kamar bakin almakashi, mai shawagi a fili kowa na ganinta. Wata iri tana biyo damina daga kudu, wata kuwa tun daga Turai ta ke zuwa da sanyi, shi ya sa ba a cika hutawa da ita ba. Kwaɗayi ke kawo ta. Inda a ke zubar da hanji da ƙashi, ko kusa da mahauta, nan ta ke wuni. Shaho ba haka ya ke ba. Shi laɓewa ya ke yi cikin dogon yaro, ya faɗo kamar kibiya, kafin ki ce "kai!" ya tafi. Hankaka kuma ɓarawon ƙwai ne, amma in ya sami ɗan tsako shi kaɗai ba ya ƙyale shi.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne bayan kaka. An yanke gero da dawa, an kwashe kara, fili ya zama fetal, ɗan tsako ba shi da wurin ɓuya. Kuma makon farko zuwa na shida ne abin tsoro. In ya wuce nan ya yi gashi, ya yi nauyi, ya kuma koyi gudu in zakara ya yi kukan kashedi.

Saboda haka maganin farko shi ne tsarewa. Ki sami babban kwando mai ƙananan idanu, ki kifa a kan uwa da 'ya'yanta a inuwa, ki ɗora dutse. Amma fa wadda ta tsare kaza ita ke ciyar da ita. Ki ba su tsaki da dusa, da ruwa a kasko marar zurfi, ki sa tsakuwa a ciki don kada su nutse. Ku 'yan makaranta, ga aikinku: ku cika tsohuwar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, ku yayyafa ruwa, ku kife ta a bakin gidan gara. In gara ta shiga ku zazzage musu. Babu abin da ke gina ɗan tsako kamarta. A riƙa gusa kwandon kullum zuwa wuri mai tsabta, da dare kuwa a mai da su akurki.

In kin fara sakinsu, ki yi musu rumfar kara gajera, tsayinta bai wuce gwiwa ba, ko ki riƙa watsa musu abinci a ƙarƙashin rumbu, su saba da wurin. Shirwa sai ta sami filin saukowa da na tashi ta ke fyauce. In kin ɗaura igiyoyi daga danga zuwa danga sun gitta tsakar gida, kin ɓata mata hanya. Waɗansu su kan shimfiɗa tsohon gidan sauro a bisa. Tsohon na ce, wanda ya yage. Sabon na yara ne, ran yaro ya fi na kaza.

Akwai masu rina 'yan tsaki da shuɗi ko ja, wai shirwa ta kasa gane su. Ba laifi, musamman farare da a ke hangowa daga nesa. Ni dai a ganina dabara ce ta ƙari, ba ta kai kwando ba.

Abu ɗaya na roƙe ki, kada ki bari a sa guba a nama. Ba shirwa kaɗai za ta ci ba, har kare da kyanwa da ungulu. Ungulu kuwa ba ta taɓa ɗan tsako mai rai, mushe ta ke share mana, ga shi tun 2015 masana su ka sa irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ita ma shirwar tana rage mana fara da ɓera.

In kuwa kin ga kaji suna gyangyaɗi da koren zawo, suna mutuwa bi da bi da hunturu, wannan ba aikin shirwa ba ne, annoba ce. A Vom kusa da Jos a na yin maganin rigakafinta, ɗigo ɗaya a ido. Ki sa maigida ya tambayi malamin dabbobi tun sanyi bai shigo ba.